Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumomin Sufuri: Ku Waiwayi Inda Muke Tsayuwa Muna Jiran Bas

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da girmamawa, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya ku da iyalanku, wannan wasiƙa tawa ce zuwa ga shugabannin hukumomin sufuri, da injiniyoyin hanya, da masu tsara birane, da wakilan jama'a da ke sa hannu a kasafin kuɗinsu. Ni fasinja ne. Ba ni da muƙami, babu kuma ƙungiyar da ta aiko ni. Shekara 11 ke nan ina hawa bas safe da yamma tsakanin gida da wurin aiki, har na haddace fuskokin waɗanda muke tsayuwa tare: ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki, ɗaliban da ke duba darasi a tsaye, magina da kayan aikinsu a buhu, mai goyo da wani yaron a hannu, dattijo mai dogara sanda. Da yawunsu nake magana, domin yawancinsu ba su da sararin zama su rubuta, kuma abin da zan faɗa hirarmu ce ta kullum a bakin titi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sanarwar sayen sababbin motocin bas da aka yi mana. Mun yi murna, mun kuma gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai na bi sanarwar daga farko har ƙarshe ban ga inda aka ambaci wuraren da za mu tsaya mu jira waɗannan motoci ba. A daidai wannan lokaci kuma, aikin faɗaɗa titi ya cinye tsohuwar rumfar da muke fakewa, ya haɗa da bishiyar da ke bayanta. An ce da zarar an gama za a mayar. An zuba kwalta, an ja fenti, damina biyu ta wuce, abin da ya rage mana sai ƙarfe guda a tsaye da ɗan allo a kansa.

A lissafin ofis, tafiya tana farawa ne lokacin da tayar mota ta motsa. A wurinmu kuwa tana farawa tun daga ƙofar gida, kuma ɓangarenta mafi wuya shi ne tsayuwar bakin titi. Mutum yana iya yin minti 20 a cikin mota amma ya yi minti 30 yana jiranta. Wannan rabin awa ba ya cikin rahoton kowa. Ana ƙirga motoci, ana ƙirga tikiti, ana ƙirga man da aka sha, amma ba a ƙirga tsayuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ku ba ni dama in nuna muku wuraren.

Zan fara da rana, domin ita ta fi cin mu. Wurin jiran bas kusan kullum yana gefen kwalta ne, ita kuwa kwalta baƙa ce, tana shan zafi tana mayar da shi sama, har takan haura digiri 60 a ma'aunin Salsiyos a tsakiyar ranar bazara. Mai jira yana tsakanin wuta biyu ke nan, ta sama da ta ƙasa, ga hucin injin motocin da ke wucewa. Likitoci sun bayyana cewa idan zafin jikin mutum ya kai digiri 40 jiki ya kasa sanyaya kansa, an shiga halin da zai iya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, har ya kai ga rasa rai. Waɗanda abin ya fi saurin kamawa su ne tsofaffi, da ƙananan yara, da masu juna biyu, da masu ciwon zuciya ko ciwon sukari, wato dai mutanen da suka fi dogara da bas. Kuma zafin ba raguwa yake yi ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Akwai wata dattijuwa da muke haɗuwa da ita duk ranar Talata, da katin asibiti a cikin leda. Tun da aka cire rumfar, sai ta koma zama a kan dutsen gefen titi, ƙafafunta a kan kwalta, motoci na wucewa dab da ita. Wata rana wajen ƙarfe biyu ta yunƙura za ta tashi ganin mota ta taho, jiri ya kwashe ta ta faɗi. Muka ciccibe ta zuwa 'yar inuwar wata katanga, wata mata ta yayyafa mata ruwa. Da ta farfaɗo na ce, "Sannu Mama, mu kai ki gida?" Ta girgiza kai ta ce idan ta rasa layin yau sai wani watan. Sannan ta ce, "Ɗana, jinyar ba ta gajiyar da ni kamar jiran nan." Motar da ta yunƙura dominta ta riga ta tafi. Tun daga ranar nake jin nauyin yin shiru.

Ina roƙonku ku lura, ba kowace rumfa ce ke ba da inuwa ba. Na ga inda aka kashe kuɗi aka yi rumfa mai rufin roba mai ɗaukar ido, haske na ratsa ta, an kuma kewaye ta da gilashi ta gefe uku. A hoto ta yi kyau. Da rana kuwa ta zama tanderu, domin zafi ya shiga iska ba ta fitar da shi ba, sai ka ga mutane sun bar cikinta sun yi layi a bayanta suna bin siririyar inuwar da ta jefa a ƙasa. Irin wannan zane an yi shi ne domin ƙasashen sanyi, inda abin gudu shi ne iska da dusar ƙanƙara. Inda zafi ne matsalar, ana buƙatar rufi mai kauri wanda haske ba ya ratsawa, mai launin da ke mayar da hasken rana, mai faɗi har ya zarce benci sosai, da gefuna a buɗe ko masu huda-huda don iska ta ratsa. Sannan a duba inda rumfar ta fuskanta. Rufi yana tare ranar tsaka ne kawai. Rumfar da ta kalli yamma, daga la'asar rana za ta shigo mata ta gefe, a daidai lokacin da ma'aikata da ɗalibai suka cika wurin, don haka sai an yi mata kariya ta wannan ɓangare. Wanda ya zana rumfa bai je wurin ya ga inda inuwa ke faɗuwa da hantsi da la'asar ba, bai gama aikinsa ba. Kuma duk rufin da za a yi bai kai bishiya ba, domin bayan inuwa, ganyenta yana fitar da laima da ke sanyaya iskar wurin. Shi ya sa sare waccan bishiya ya fi cire rumfar yi mana ciwo. Rumfa ana iya kafa ta cikin mako guda, bishiya kuwa sai an jira ta shekaru.

Ruwan sama ba sai na tsawaita ba. Wurin jira yakan kasance daidai inda ruwan titi ke taruwa, sai mota ta zo da gudu ta watsa wa mutane taɓo tun daga ƙirji har ƙafa. Ɗalibi ya isa aji littattafansa sun jiƙe, mai neman aiki ya isa wurin ganawa kamar an tsamo shi daga kududdufi. Gyaran bai wuce ɗaga dandamalin tsayuwa, da karkatar da ruwa zuwa magudana kafin ya iso wurin, da rufe lambatun da ke gaban rumfa ba.

Sai wurin zama. Lafiyayyen matashi zai iya cewa benci ƙawa ce. Ku tambayi mace mai cikin wata takwas, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda ya wuni a tsaye yana aiki. Benci ma yana da ƙa'ida: tsayinsa daga ƙasa ya kai kimanin santimita 45, ya kasance da majingina da madafar hannu, domin tsoho da hannu yake tashi ba da ƙafa kaɗai ba. Kada kuma a yi shi da ƙarfen da zai yi zafin da ba a iya zama a kansa. Na san wasu hukumomi suna ƙin sa benci, ko su sa wani siririn ƙarfe na jingina, wai don kada marasa matsuguni su kwana a kai. Wannan bai warware matsalar marar matsuguni ba, ya dai ƙara wa tsohuwa azaba.

Yanzu ga abin da na fi so ku tsaya ku karanta da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. A cikin motocin da kuke saya akwai masu ƙaramin bene da ke saukowa domin keken guragu ya hau. Madalla. To amma benen a kan me zai sauka? Akwai wani bawan Allah mai keken guragu da muke hawa tare wasu ranaku. Motar na da benen, direban ma mutumin kirki ne, amma tsakanin mota da inda muke tsaye akwai buɗaɗɗen lambatu da tudun ƙasa. Sai mutum uku sun kama shi da kekensa sun ɗaga. Kullum yana godiya, kullum kuma ina ganin yadda yake sunkuyar da kai yayin da ake ɗaga shi. Magidanci ne da ke fita neman abin da zai ciyar da iyalinsa, bai kamata fitarsa ta dogara da samun ƙarti uku masu tausayi ba. Ranar da babu su, mota tana tafiya ta bar shi.

Ba sabon ilimi ake buƙata a nan ba. Ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar kare haƙƙin masu nakasa ta Amurka ta 1990 sun tanadi cewa wurin hawa bas ya kasance da daɓe mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, mai zurfin kusan mita 2.4 daga bakin titi da faɗin mita 1.5, wanda ya haɗu da hanyar masu tafiya a ƙasa. Wannan ɗan fili shi ke ba keke damar juyawa ya fuskanci ƙofa. A birnin Kassel na Jamus aka ƙirƙiro wani dutsen gefen titi mai lanƙwasa, wanda tayar bas ke bi ta manne da shi ba tare da ta lalace ba, ta yadda tazarar da ke tsakanin ƙofa da dandamali za ta zama 'yar kaɗan. Domin makafi kuma, wani ɗan Japan mai suna Seiichi Miyake ya ƙirƙiro tubalan daɓe masu tudu-tudu a 1965, aka fara shimfiɗa su a birnin Okayama a 1967. Masu dogayen layuka suna nuna hanya, masu ɗigo-ɗigo suna gargaɗin a tsaya, kuma makaho yana karanta su da sandarsa da tafin ƙafarsa. Kusan shekara 60 ke nan da wannan dabara. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ambaci sufuri ƙarara a sashe na 9. Saboda haka abin da muke nema alkawari ne da aka riga aka ɗauka. Kuma daɓen da ya yi wa mai keke daidai ya yi wa mai tura keken jariri, da mai jan akwati, da mai dogara sanda.

Da dare kuma wata matsalar ce. Wuraren jira da yawa babu fitila, wasu kuma an lulluɓe su da allunan talla ta kowane gefe, har ba a ganin wanda ke ciki, shi ma ba ya hango motar da ke tahowa. Mata da muke hira da su sun gaya mini sukan gwammace su yi tafiyar ƙafa mai nisa zuwa wurin da ke da haske da jama'a, ko su biya kuɗin da ya ninka na bas don kawai su bar wurin. Wasu sun ƙi karɓar aikin dare, wasu sun bar karatun yamma. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wanda aka wallafa a 2016, ya kwatanta ainihin mintunan da fasinjoji suka jira da mintunan da suka ce sun jira. An gano cewa a wurin da babu rumfa babu benci, mutane suna jin jiran ya fi yadda yake tsawo, kuma abin ya fi tsanani ga matan da suka jira a wurin da ba su amince da tsaronsa ba. Inda aka haɗa rumfa da benci da bayanin lokacin isowar mota, tazarar takan ragu ƙwarai. Fitila mai aiki da hasken rana a saman rumfa ba ta buƙatar a ja mata waya, kuma tana taimakon direba ya ga cewa akwai mai jira.

Akwai kuma batun tsallaka titi, wanda shi ne ke ɗaukar rai kai tsaye. Duk wanda ya hau bas da safe a wannan hannu, da yamma a ɗaya hannun zai sauka, don haka kowane fasinja sai ya tsallaka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma sama da kashi 20 cikin ɗari masu tafiya a ƙasa ne. Idan aka kafa wurin tsayuwar bas a tsakiyar titi mai layi shida, matsallaka mafi kusa kuma tana da nisan rabin kilomita, an san mutane za su ratsa ta inda suke, musamman wanda ya hango motarsa za ta tashi. Injiniyoyinku sun san cewa ya fi aminci bas ya tsaya bayan ya wuce matsallaka ko mahaɗar hanya, domin wanda ya sauka ya tsallaka ta bayan motar inda direbobi ke ganinsa, maimakon ya ɓullo ta gabanta ba zato. Gadar sama mai matakala da yawa ba ta amfanar mai keke ko tsoho. Matsallaka a ƙasa, da fitilar ba da hannu, da tsibiri a tsakiyar titi, da abin rage gudu, su suka fi yi mana amfani.

Na kusa mantawa da bayani. Wurare da yawa ba su da ko suna. Baƙo ba ya sanin wace mota ce ke tsayawa, ina ta nufa, ƙarfe nawa ta ƙarshe ke wucewa. Birnin Landan ya fara sa allunan lantarki masu nuna mintunan da suka rage mota ta iso tun 1992. Ko ba a kai nan ba, allo mai ɗauke da sunan wuri, da lambar layi, da taswira, da jadawali cikin manyan haruffa da harshen da mutanen wurin ke karantawa, ba zai gagari kowace hukuma ba. Kada a ce ai akwai manhaja a waya. Dattijuwar da na ba ku labarinta ba ta da irin wannan waya.

Na san amsar da aka saba bayarwa: babu kuɗi, kuma ko an gina jama'a ne ke lalatawa. Game da lalatawa, ba zan kare mai fasa gilashi ko mai kwance ƙarfe ya sayar ba, laifi ne kuma mu ma yana cutar da mu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rumfar da aka bari da fitila a mace wata shida, shara ta taru, takardu suka rufe jadawali, ta riga ta sanar da kowa cewa ba ta da mai ita. Sau da yawa ana ware kuɗin gini ba a ware na kulawa ba, ɗan kwangila ya miƙa aiki ya tafi, sannan hukumar sufuri ta ce ta hukumar hanya ce, hukumar hanya ta ce ta ƙaramar hukuma ce. Mu da muke wurin ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba.

Game da kuɗi, akwai hanyar da birane suka daɗe suna bi. A 1964 wani Bafaranshe mai suna Jean-Claude Decaux ya kafa rumfunan jiran bas a birnin Lyon, bisa yarjejeniyar cewa kamfaninsa zai gina ya kuma kula da su kyauta, shi kuma ya sayar da gurbin talla a jikinsu. Tsarin ya yaɗu a duniya, kuma yana da amfani. Sai dai yana da tarko wanda nake so ku kiyaye. Mai talla yana neman idon masu kuɗi ne, don haka idan aka bar masa zaɓin wuri, rumfuna za su taru a manyan titunan kasuwanci da unguwannin masu hali, inda masu hawa bas ba su da yawa, a bar unguwannin da mutum ɗari ke tsayuwa a rana kowace safiya. Ko a ƙasashe masu arziki ana fama da wannan giɓi. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya nuna a 2023 cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na wuraren tsayuwar bas na babbar hukumar sufurin yankin ke da rumfa. Idan za ku ba da irin wannan kwangila, ku ne za ku rubuta jerin wuraren, kuma duk rumfar da aka kafa a wuri mai kawo kuɗin talla ta zo da sharaɗin kafa wasu a inda buƙata take.

Kuɗin ma ba asara ba ne. Masu bincike a Jami'ar Utah sun duba wuraren da aka gyara da rumfa da benci da daɓe, suka ga yawan masu hawa ya ƙaru a can fiye da wuraren da ba a taɓa ba. Birnin Curitiba na Brazil, wanda ya buɗe layukan bas na musamman a 1974 a zamanin magajin gari Jaime Lerner, ya ƙara da tashoshi masu siffar bututu a 1991, inda fasinja ke biya kafin mota ta iso, ya kuma shiga daga dandamalin da ya yi daidai da ƙofa. Wannan ya rage daɗewar mota a tsaye, ya sa tafiyar kowa ta yi sauri. Gyaran wurin jira gyaran tafiyar motar ne ita kanta. Na san Dubai tana da rumfuna masu na'urar sanyaya ɗaki, birnin Utrecht na Holan kuma ya shuka tsirrai a rufin rumfuna 316 a 2019. Ba waɗannan muke roƙo ba. Ni a ganina rumfa 100 masu sauƙi da ƙarko sun fi guda 5 na nuna wa baƙi, kuma ina tsoron ranar da za a ƙaddamar da guda biyar ɗin a ce an gama da mu.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku fara da ƙidaya. Ku aika ma'aikata su zagaya kowane wurin tsayuwa su rubuta abin da ke akwai da abin da babu, da yawan masu hawa a wurin, sannan ku wallafa sakamakon kowa ya gani. Daga nan ku fitar da mafi ƙarancin abin da kowane wuri zai samu: daɓe, suna da jadawali, haske, da matsallaka a kusa. Inda masu hawa suka kai wani adadi da za ku ƙayyade, a ƙara rumfa da benci. Ku sa wuraren da ke gaban asibitoci, da makarantu, da kasuwanni, da inda ake sauya mota a sahun farko, tare da wuraren da mota ke daɗewa ba ta zo ba, domin a can jira ya fi tsawo.

Ku sa doka cewa duk aikin titi da ya cire rumfa ko ya sare bishiya, sai ya tanadi ta wucin gadi yayin aikin, kuma ba za a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe ba sai ya mayar da ta dindindin ya dasa bishiyoyi. Ku ware wani kaso na duk kuɗin sayen motoci domin wuraren jira, ku kuma sa kuɗin shara da gyara a kasafin kowace shekara. Ku damƙa alhakin a hannun ofishi guda, a rubuta lambar wuri da lambar wayar ofishin a jikin kowace rumfa, a faɗi kwanakin da gyara ba zai wuce ba. Ku hana masu ƙananan motoci ajiye su a wurin tsayuwar bas, domin su ke tilasta wa direba ya sauke mu a tsakiyar titi.

Kafin ku amince da kowane zane, ku kafa guda ɗaya na gwaji, ku kira mai keken guragu, da makaho, da tsohuwa, da mai goyo, da direban da zai tsaya a wurin, su gwada su faɗi ra'ayinsu. A cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da ƙasashe suka amince da su a 2015 akwai alkawarin samar da sufuri mai aminci da sauƙin isa ga kowa kafin 2030, an kuma ambaci mata da yara da masu nakasa da tsofaffi da sunansu. Ana auna shi da yawan mutanen da ke da wurin hawa a tazarar mita 500 daga gidajensu. Muna roƙon kada ƙarfe guda a bakin kwalta ya shiga wannan lissafi a matsayin wurin hawa.

Mu ma akwai namu. Za mu kai rahoton abin da ya lalace idan kun ba mu inda za mu kai, za mu tsawata wa mai ɓarna, kuma akwai waɗanda suka ce a shirye suke su riƙa ba bishiyoyin ruwa har su kama.

Roƙona na ƙarshe ba ya buƙatar kasafi. Ina gayyatar shugaban hukuma da babban injiniyansa su zaɓi rana guda cikin watan da ya fi zafi, su ajiye motar ofis, su zo ba tare da sanarwa ba su tsaya tare da mu daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana. Idan da hali, ranar ta kasance Talata. Za mu nuna muku inda rumfar take a da, da kututturen bishiyar, da dutsen da Mama ke zama.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku cikin girmamawa,
Wani fasinja, a madadin masu jiran bas